Teburin Mutum Biyu, Ƙarfe Shida da Rabi

Shin Malam ya sani ne da ya tura ni gaba? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi. Shekara arba'in da takwas muna tare, duk inda za mu shi ne a gaba, ni ina biye. Ran da ya ce in wuce gaba, sau ɗaya tak, ran nan ya tafi ya bar ni. Na tambayi ɗanmu, ya ce, "Dada, ranar mutum Allah kaɗai ya san ta." Gaskiya ne. Amma ba ita na tambaye shi ba.

Tun da na dawo Jalingo, matan unguwarmu ta Turaki ba su bar ni na huta ba. Mai zuwa gaisuwa ta yi addu'a, can sai ta matso: "Goggo Dudu, wai da gaske gari guda ne a kan ruwa?" Wata ta ce, "Wai har da kasuwa a ciki?" Ba na jin haushinsu. Sai dai duk wadda na fara ba labarin, kafin in kai tsakiya kuka ya ci ƙarfina, ta tafi da rabi. Shi ya sa da na fita takaba na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamare, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa tana rubutawa, in na yi kuka ta ajiye biron ta jira ni. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ɗanmu na fari, ba na kama sunansa, Likita nake ce masa, don aikinsa ke nan a Ingila. Tun kakar bara Malam ya fara haki in ya dawo daga masallaci, masallacin da ke nan bakin layinmu. Da labari ya kai wa Likita, ya aiko da takardu ya ce mu zo a duba babansa, kuma ƙafata ƙafarsa. Ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba.

Mun bar Jalingo bayan sallar asuba a fijo ta haya. Lokacin wahalar man fetur ce, direba ya cika bayan mota da jarkoki, kayana kuma suna bisa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, kilishi, da buta biyu. Malam ya dubi tulin ya ce, "Ke, ziyara za mu ko hijira?" Na ce ɗana ya yi shekara shida bai sha miyar kuka ba. A gadar Numan na leƙa Binuwai na ce kai, ruwa ke nan. Malam ya yi dariya ya ce in adana mamakina, zan bukace shi a gaba. Tsakanin Gombe da Kano taya ta fashe sau biyu, a ta biyun jarka ɗaya ta tsiyaya a kan ƙullin kukata. Haka na zubar da ita a bakin hanya, ina ji kamar na zubar da zinariya.

A Kano muka kwana biyu gidan wani ɗan'uwan Malam. Matan gidan mutanen kirki ne, sai dai da na buɗe baki su dubi juna. Wata tsohuwa ta ce mini, "Baiwar Allah, Hausar taku ta kwana a hanya." Na ce mata ai tamu ta yi tafiya ne, taku kuwa tana zaune wuri ɗaya tana ƙiba. Muka rabu tana ba ni turaren wuta.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, don idona a rufe yake tun da ya tashi. Abin da na riƙe shi ne saukarmu. Wani ma'aikaci dogo, da kare a gefensa, ya sa aka buɗe akwatina. Ya ɗauke kilishi, ya ɗauke man shanu, ya ce ba a shiga da su. Ya kwance ƙullin yaji ya sunsuna, ya yi atishawa har uku, ya mayar mini da sauri. Sai na ji Malam ya buɗe baki yana zuba masa Turanci, a natse, har mutumin yana gyaɗa kai. Na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

Na san dai yana yaro, kafin aurenmu, ya yi aikin boyi a gidan wani Bature a bariki. Shekara bakwai yana shimfiɗa tebur, yana goge cokula. Da Turawan suka tafi ya koma sayar da hatsi a kasuwa, bai kuma cika son zancen ba. Abin da ya rage masa daga can shi ne tsabtar kwano: ba ka kai masa tuwo da ɗigon miya a gefe. Abokansa na zaure kan tsokane shi da "Bature". Amma ban taɓa sanin Turancin yana nan kwance a cikinsa ba.

Gidan Likita a manne yake da na maƙwabta, bango ɗaya, amma wata guda na yi ban ji sallamar kowa ba. Sun ce lokacin zafinsu ne, ni kuwa da rigar sanyi biyu nake kwana. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa. Sai ka ga tara ta wuce, gari da haske kamar la'asar sakaliya. Matar Likita, Hauwa, 'yar Yola ce, ita ma aikin asibiti take yi. Allah ya yi mata albarka, ta riƙe ni kamar uwar da ta haife ta. Ni da ita muke cin abinci a kicin, maza kuma a falo, yadda muka saba.

Sau huɗu aka kai Malam asibiti. A zuwa na ƙarshe, shi da ɗansa suka dawo suna dariya, dariyar ta yi yawa. Na ce me aka ce? Malam ya ce, "An ce zuciyata ta gaji da tuwon masara, hutu take so." Likita ya dubi ƙasa ya ce ya ɗauki hutu shi da Hauwa, zai kai mu yawon shan iska a jirgin ruwa, kwana goma. Na ce, "Jirgin zai kai mu ina?" Ya ce zai zaga wasu garuruwa ya dawo da mu inda ya ɗauke mu. Na ce, "Wato a biya kuɗi, a sha wuya, a dawo inda aka tashi?" Malam ya ce, "To ita duniyar fa?"

'Yan'uwana, ga amsarku: e, gari ne. Da muka isa bakin teku na ɗauka wani dogon bene ne aka gina a gaɓa, ina ta neman jirgin. Hawa goma sha wani abu, da kantuna, da wurin aski, da ɗakin shan magani, da wani tafki da aka haƙa a sama inda tsofaffi sa'o'ina ke kwance rabi tsirara suna gasa kansu a rana. Ruwa a ƙasa, ruwa a sama. Ɗakinmu ƙarami ne, da taga zagayayya wadda ba ta buɗewa. Bayan gidan kuwa, in ka danna abin, sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ka. Ranar farko da gudu na fito, na bar butata a ciki.

Ba mu gama ajiye kaya ba sai jiniya ta ɗauka. Na leƙa, ga mutane suna fitowa da wasu riguna masu kumburi ruwan lemo. Na ce inna lillahi, tun ba a tashi ba! Na rungumi ƙullin yajina da carbi na kama salati. Hauwa ta shigo tana dariya har da hawaye, ta ce gwaji ne kawai, ana koya wa kowa inda zai tsaya in wani abu ya faru. Wahala ta biyu alƙibla. Ka ta da salla kana fuskantar gabas, kafin ka sallame jirgi ya juya. Malam ya ce mu daidaita a farko da ɗan agogon alƙiblarsa, sauran Allah ya san halin matafiyi.

Yanzu na zo kan abinci, kuma a nan labarina yake.

A jirgin nan ba a cin abincin dare don an ji yunwa. Agogo ke ci. Akwai babban ɗaki mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, an raba su kashi biyu, na farko da na biyu, kowa da teburinsa da kujerarsa har a gama tafiya. Mu aka ba mu teburi na mutum shida: mu huɗu, da wani tsoho kurma da bai dame mu ba, da wata tsohuwar Baturiya mai dogara sanda, ita kaɗai take tafiya. Sunanta ya ƙi zama a bakina, na sa mata Mai Sanda. Nama ba mu ci, don ba mu san wanda ya yanka ba; kifi muke ci. Kafin kifin sai an kawo ɗanyen ganye a faranti, kamar an ga akuya. Ran nan aka kawo wasu ƙwari na ruwa masu gashin baki, na ce wa Hauwa ko fara sai an cire mata ƙafa.

Amma ba abincin ne ya hana ni ci ba. Kun san yadda muka tashi. Tun da aka kai ni gidan Malam, tuwonsa zaure ake kai masa, ya ci da maƙwabta da baƙi. Ni in ci a tsakar gida, bayan kowa ya ƙoshi. Ban taɓa tauna abu yana kallona ba. Ko gyaɗa nake ci ya shigo, sai in dunƙule hannu. Mu Fulani semteende muke ce mata, kunya, kuma da ita aka yi mana tarbiyya. To ga ni a tebur ɗaya da mijina da ɗan farina. Sai na zauna can ƙarshe, na sa Hauwa a tsakani, na ja mayafi, ina juya cokali a faranti. In an tashi, Hauwa ta ɗebo mini wani abu mu ci a ɗakinta.

Mai Sanda ta lura. Ta kuma lura da ɗan ƙullin da nake ba Hauwa ta barbaɗa wa Malam a kifi. Rana ta biyu ta miƙo farantinta. Na ce wa Hauwa ta gaya mata wannan ba na yara ba ne. Ta nace. Ta kai baki, fuskarta ta yi ja kamar gauta, ta sha ruwa kofi biyu, ta share hawaye, sannan ta sake miƙo farantin. Daga ran nan muka zama ƙawaye, ba mai jin yaren wata.

Ashe ban da babban ɗakin akwai wani ƙarami a sama, tebura kaɗan, a jikin tagogi masu kallon teku. Shi ba a shigarsa haka kawai. Sai ka je tun da wuri an rubuta sunanka a wani babban littafi, da rana, da lokaci: ko shida da rabi, ko takwas da rabi. A ba ka kati. In lokacinka ya yi ba ka zo ba, minti goma sha biyar za a jira ka, a ba wani teburin. Mai riƙe da littafin wani Ba'indiye ne mai furfura a gefen kai, Malam yana ce masa Isuhu. Duk wannan daga baya na sani. Ranar farko, ina can ina fama da jiniya da buta, Malam ya sa babbar rigarsa ya hau sama shi kaɗai, ya bi layi.

Da safen rana ta uku ya ajiye wani farin kati a kan gadona.

Na ce, "Na mene ne?"

Ya ce, "Na abinci. Yau, shida da rabi. Takwas da rabi za ta ci mana magariba, shi ya sa na zaɓi ta farko."

"Su Likita sun sani?"

"Ba da su ba. Teburin na mutum biyu ne."

Na ce, "Kai da wa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni da kyaftin ɗin jirgi."

Na ɗauka wasa ne. Da na ga Hauwa ta zo da yamma da dutsen guga tana murmushi, na san ba wasa. Na yi wanka, na ɗaura zane, na sa riga. Da na ɗauki ɗankwali sai na kasa ɗaura shi. Na hango kaina zaune gaba da gaba da shi, ba Hauwa a tsakani, ba mayafin da zai ɓoye ni, ina buɗe baki ina tura abinci, Turawa na kallo. Na zauna a bakin gado na ce kaina na juyawa, ruwan nan ne.

Malama, rubuta wannan yadda na faɗa: ƙarya na yi. Tekun ran nan a shimfiɗe take kamar tabarma.

Malam yana tsaye da hularsa a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya dubi agogo ya ce, "To ki kwanta. Bari in je in gaya musu su ba wani. Ba a barin tebur a shirye ba kowa. Wanda ya shirya shi ne ke jin ciwon." Ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari jirgi ya tsaya a wani gari mai fararen gidaje a kan dutse. Su Likita suka sauka kallo, mu muka zauna a inuwa a saman jirgi, kujera ɗaya tsakaninmu. Na ce, don in kare kaina, "Malam, mu fa ba Turawa ba ne."

Ya ce, "Na ce mu Turawa ne?"

Sai ya ce, "Ina ɗan shekara goma sha biyar, kowace yamma ni ke shirya wa Bature da matarsa tebur. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, fitila a tsakiya. In ja mata kujera ta zauna, in koma jikin bango in tsaya da tawul a hannu. Ba abincinsu ke ba ni sha'awa ba, abincinsu lami ne. Hirar ce. Ya gaya mata abin da ya gani a ranar, ta yi dariya, ta ɗauki abu daga farantinsa. Ina tsaye ina cewa a raina, in na yi aure, ko sau ɗaya. Da na yi auren, ina zan fara? A Turaki? Su Alhaji Buba na zaure su ji, in shiga ina?"

Na ce, "Shi ne ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya ce, "Ga shi na faɗa. Shekara arba'in da takwas ina cin tuwonki, ban san yadda kike kai loma baki ba."

Na juya fuska wajen teku don kada ya ga idona. Sannan na ce, "To a sake rubutawa."

Ashe ba a nan take ba. Littafin Isuhu ya cika har ranar sauka. Akwai gurbi ɗaya na takwas da rabi, Malam ya ce ba zai sayar da magariba da kifi ba. Likita ya ce bari ya je ya yi magana, Malam ya hana shi: "Kai ka kawo ni jirgi, na gode. Teburin nan ni zan nemo shi." Isuhu ya sa sunansa cikin masu jiran wani ya fasa. Ya kuma ba shi shawara, irin ta ma'aikaci da ma'aikaci, don Malam ya gaya masa shi ma ya taɓa riƙe tawul: ya riƙa zuwa da safe ana buɗe littafi, musamman ranar da jirgi ya tsaya a gari, don masu yawo kan gaji su fasa ta shida da rabi.

Haka Malam ya yi ta yi. Kowace safiya ya sa babbar riga, ya hau sama, ya dawo yana haki. In ce, "Yaya?" Ya ce, "Gobe." Rana ta biyar, gobe. Ta shida, gobe. Ta bakwai ya dawo ya zauna a bakin gado ya daɗe bai iya cire hula ba. Na ce ya bari haka nan, in mun koma gida zan rufe ƙofa mu ci a ɗaki. Ya ce, "A gida za ki ce tuwo na kan wuta." Ya san ni.

Ni kuma a ɓoye Hauwa na koya mini riƙon cokali mai yatsu. Kifi ya yi ta tsere mini a faranti kamar yana da rai. Malam ma ya kai ni ya nuna mini hanya, wai don in saba: in ka shiga ɗakin nan mai hawa da mutane, ka danna maɓallin da ke da zane kamar ƙwai biyu, ɗaya bisa ɗaya, in ƙofa ta buɗe ka bi jan kafet har ƙarshe.

Daren rana ta takwas, a babban ɗaki, Mai Sanda ta yi wa Hauwa tambaya, ta ce kullum tana ganin tsohon nan a layi, me yake nema? Hauwa ta gaya mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallona. Ta ce a gaya mini ita da mijinta sun shiga irin wannan jirgi sau da yawa, kuma daren ƙarshe a ƙaramin ɗakin suke ci. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, har yanzu takan kama teburin, ta zauna ita kaɗai. Na ce Allah sarki. Ban kawo komai a raina ba.

Da safe aka turo kati ta ƙarƙashin ƙofarmu. Malam ya ɗauka, ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Gobe, daren ƙarshe. Shida da rabi." Ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun yaranmu na ƙanana. Sai da Hauwa ta bincika muka san Mai Sanda ce ta je ta ce a mayar da nata teburin sunanmu. Na ƙulle sauran yajina kaf na kai mata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta faɗi wata magana. Hauwa ta ce, "Wai kada ki makara."

Ranar, tun azahar na shirya. Na sa atamfata shuɗiya, na sa turaren tsohuwar Kano, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna. Na riga na yi wa kaina alkawari ko ƙasa za ta tsage sai na je. Malam ya ce zai ɗan kishingiɗa. Barci ya ɗauke shi, na ga yadda ya gaji, na ƙi tashinsa. Da ya farka ya dubi agogo, shida ta wuce da kwata, bai yi la'asar ba. Ya yi alwala a gurguje, ya shimfiɗa darduma, ya ɗauko katin daga aljihu ya sa mini a hannu, ya ce in wuce. Na ce in jira shi mana, salla minti nawa ce? Ya ƙi.

Na fita ni kaɗai. Na danna ƙwai biyu. Na bi jan kafet. Isuhu na tsaye a bakin ƙofa, ya karɓi katin, ya ɗan rusuna, ya kai ni tebur a jikin taga, ya ja mini kujera. Farin ƙyalle, kyandir a tsakiya, wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, daidai yadda Malam ya faɗa. Aka zuba ruwa a kofi biyu. Aka kawo burodi mai ɗumi. Ban taɓa ba. Ban taɓa riga shi cin abinci ba, ba kuma ran nan zan fara ba. Na zauna ina shirya abin da zan gaya masa, tunda hira yake so. Na ce zan ba shi labarin butata da bayan gida, don ban taɓa gaya masa ba.

Na ga Isuhu ya dubi agogo. Na san minti goma sha biyar ɗin sun cika. Na ɗaga hannu ina roƙonsa da ido. Ya zo ya dafa bayan kujerar Malam, ya girgiza kai, ya yi mini alama: teburin naku ne, ba mai taɓa shi.

Sai ga Hauwa a bakin ƙofa, ba ɗankwali, ba takalmi.

Likita ne ya je ɗakinmu da kyamara, wai zai ɗauke mu hoto kafin mu hau. Ya tarar da babansa a kan darduma, ya kwanta ta gefen dama, carbi a hannu, babbar rigarsa a shimfiɗe kan gado tana jiransa. Likitan jirgi ya zo, sun yi iya yinsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakata, Malama. To. Ci gaba.

Da safe jirgi ya dawo da mu inda ya ɗauke mu, mu uku. Mutanen jirgin sun yi mana mutunci ƙwarai. Isuhu ya sauko har bakin tsani ya mayar mini da katin, yana kuka kamar ɗan'uwa. Mai Sanda ta rungume ni. A can Ingila aka yi masa sutura, a maƙabartar Musulmi kusa da gidan Likita. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka cika sahu uku. Hauwa ta rako ni har Jalingo. A gadar Numan ban leƙa ruwa ba.

Daga baya Likita ya gaya mini abin da aka faɗa musu a asibiti ran da suka dawo suna dariya: zuciyar ta yi rauni, ba aikin da za a iya yi mata. Malam ne ya hana a gaya mini. Wannan na gane, na kuma yafe. Abin da ban gane ba shi ne na yammar nan. Ko ya ji abin na zuwa ne, ya fitar da ni don kada in gani? Ko kuwa teburin kawai yake tsoron a ba wani? Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Abu ɗaya na sani: a rana ta uku lafiyarsa ƙalau, teku a kwance, tebur a shirye, ni ce na zauna a bakin gado.

Ku da mazanku ke raye, ba na ce ku zama Turawa ba. Kunya ado ce, da ita zan mutu. Amma in tsohonki ya roƙe ki wani ɗan abu da bai saɓa wa Allah ba, kada ki ce kanki na juyawa.

Katin yana cikin adakata. Malama ta karanta mini shi, babu komai a ciki sai sunansa da rana da lokaci, da adadin mutane: biyu.

Saura abu ɗaya, shi na bari ƙarshe don in na faɗe shi ba na iya ƙara komai. Tun da aka haifi Likita, Malam bai sake kama sunana ba. "Ke" yake cewa, ko "Dadan yara". Yammar nan, ina bakin ƙofa da kati a hannu, shi yana tsaye a kan darduma, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, na juyo na ce, "Ni kaɗai zan shiga cikin Turawa?" Ya yi murmushi ya ce:

"Dudu, yi gaba ki kama mana wuri, kada a ba wasu. Ina nan tafe."